Fitilar Malam Illa da Ramukan Bambeye

Duk wanda ya saba bin hanyar lise, babbar makarantar sakandare, da sassafe a Tawa ya san Malam Illa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai tsohon babur, wanda ke tafiya kamar yana tausayin hanya, jaka rataye a ƙirjinsa, hannu ɗaya na komawa kanta duk sanda ya faɗa gargada. 'Yan kabu-kabu sun gaji da yi masa tsiya, yanzu kewaye shi kawai suke yi su wuce. Abin da ke cikin jakar kuwa kwamfuta ce 'yar tafi-da-gidanka, tsohuwa, naɗe cikin wani zane da matarsa Raƙiya ta daina ɗaurawa.

In ya isa makaranta ba ya barin gaisuwa ta yi tsawo. Ɗakin shimi yake wucewa, darasin nan na sinadarai da haɗe-haɗensu. Sai ya rufe tagogin dama gaba ɗaya, ko da zafi na neman kashe mutum, ya buɗe na hagu, ya tsaya yana duban yadda rana ta kwanta a kan tebura. In bai gamsu ba ya ture wani tebur, ya janyo wani. Yara suna shigowa suna cewa "Ina kwana, Mushe," yadda ake kiran malamin boko a nan, shi kuwa yana amsawa idonsa na kan ƙasa yana bin inuwa. Baƙo zai ce dattijon ya fara taɓuwa. Ku yi haƙuri, za a zo ga maganar tagogin.

Bana ya ajiye alli, bayan shekara talatin da ɗoriya. Ba a kira shi Yamai an rataya masa komai a wuya ba, rediyo ma ba ta san an yi ba. Shi ya sa ya kamata a yi masa wannan jinjina tun yana da rai da lafiya, ya karanta da idonsa, ya ce an ƙara gishiri, a ce masa ba a ƙara ba.

Aikinsa koyar da abin da ido bai taɓa gani ba ne. Ruwan da muke sha, gishirin miya, ƙwayar maganin ciwon kai, kowane an gina shi da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da suka riƙe juna. Gungun da suka riƙe junan shi ake ce wa molekil. Don yaro ya gane, ana zana su kamar ƙwallaye da aka haɗa da sanduna. A da da alli yake fama, har wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da kwamfutar nan, a cikinta akwai manhajar da ke zana su. To amma da'ira a takarda ba ta zama ƙwallo sai haske ya bugi gefe ɗaya, ɗaya gefen ya yi duhu. Saboda haka a cikin manhajar akwai fitila. Ba ta da lagwani, ba ta shan kananzir, ba wanda ya taɓa ganinta, amma da yatsa ake tura ta hagu ko dama, sama ko ƙasa, kuma inda ka ajiye ta shi ke yanke inda inuwa za ta faɗi. Wannan fitila ita ta hana Malam Illa sakat tsawon shekaru.

Da ruwa ya fara, don shi ya fi sauƙi: ƙwallo babba ɗaya, ƙanana biyu. A fuskar kwamfuta hoton ya fito sumul, yana sheƙi kamar tumatirin da aka wanke. Ya ɗauka da murna ya kai wa Jannatu, mai shagon fotokopi a bakin kasuwa, ta buga wa ajin duka. Injin Jannatu kuwa launi biyu ya sani a duniya, baƙi da fari, kuma ya fi son baƙin. Inuwar da ta faɗi a ƙarƙashin ƙwallayen ta fito baƙa wuluk, a dunƙule. Da aka yi gwaji, rabin aji suka rubuta cewa ruwa ƙwaya huɗu gare shi.

Ya koma shagon da takardar a hannu.

"Jannatu, mi injinki ya yi ma ruwana?"

"Abin da ka ba shi, shi ya ba ka, Mushe. Injina ba shi ƙara komi."

"To wanga baƙin abu hwa?"

Ta karɓa ta duba. "Ai nan na ishe shi. Ni na ɗauka shi ne babbansu."

Ya dawo gida ya kori inuwar ƙasa daga duk hotunansa. Ya rage duhun jikin ƙwallayen kuma, sai suka fito a baje kamar kwabbai, ba a sanin na gaba da na baya. Ya ƙara fitila ta biyu, sai kowace ƙwallo ta yi ɗigon sheƙi biyu, injin ya mai da su fararen ƙwayoyi, yara suka ƙirga da su. Ya sa wani hazo-hazo da manhajar ke da shi don na baya su dusashe, injin ya haɗiye na bayan gaba ɗaya. An gudu ba a tsira ba. Abokan aikinsa suna shan shayi a inuwar dogon yaro, su ce masa, "Illa, jarabawar bak ba ta tambayar inuwa, ka huta ma ranka." Ya ce shi ma ya sani. Ya kurɓi shayinsa ya koma ya ci gaba da tura fitila.

Daga ƙarshe ya tsaya a kan wani tsari da ya ga ya fi dama-dama: fitila ɗaya a sama ta hagu, ba inuwar ƙasa, ƙwallon da ke gaba ya fi girma, gefensa ya fi duhu. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, yana ganin ya kashe maganar.

Kai ne wanda bai taɓa cewa yaran yanzu ba su da kai ba, Malam Illa, alhali ita ce maganar da ta fi sauƙin faɗi a ɗakin malamai. In aji ya faɗi, kwamfutarka kake fara tuhuma. Mutane sun ga haka sun yi maka dariya, kai ma kana taya su.

Sai ga Zalika. Yarinya ce daga Bambeye, tana zaune wurin goggonta a Tawa, tana ajin ƙarshe. A lissafi ba a kama ƙafarta. Burinta ɗaya, ta karanta haɗa magunguna, kuma duk malaman sun yarda za ta kai. Mazauninta yana can ƙarshen layi, jikin tagar dama, hasken na shigo mata ta bayan kafaɗa.

Akwai wani darasi da ake yi a wannan aji, na molekil biyu masu kaya iri ɗaya amma ɗaya hoton madubin ɗaya ne, kamar hannun hagu da na dama. Ba wasa ba ne, don a cikin magunguna akwai wanda ɗaya ke warkarwa, ɗan'uwansa na madubi bai aikin komai, wani ma ya cutar. Abin da ke raba su a takarda shi ne wace ƙwallo ce ta matso wajenka, wace ce ta koma baya. In ka juya wannan, ka juya maganin.

Zalika ta juya shi. Aka sake gwaji, ta sake juyawa. Abin da ya ɗaure wa Malam Illa kai shi ne ba kame-kame take yi ba. Mai kame-kame yakan dace wani lokaci. Ita kuwa duk tambaya, ba ta kuskure ko ɗaya wajen ba da kishiyar amsa. Ya kira ta bayan darasi, ya shimfiɗa hoton a kan teburinta.

"Zalika, wace ce gaba?"

Ta nuna ƙaramar ta baya.

"Wagga babba hwa?"

"Ita ta hi nisa, Mushe."

Ya sake bayani tun daga farko, a hankali. Ya ce, "Kin gane?" Ta ce ta gane. Ya juyo wani hoton, ta sake nuna ta baya.

Ya koma gida ya ƙara wa ƙwallon gaba girma da duhu don ta fito sosai. Abin mamaki, sai yarinyar ta ƙara tabbata a kan kuskurenta. Ya rage, ba ta canza ba. Ya ce ko ido ne, ya roƙi goggonta ta kai ta a duba. Aka duba aka ce idonta garau. Da niyyar alheri ya yi, amma nan ne ya ɓata rawarsa da tsalle, don yara suka ce in ba ido ba ne, to kai ne. Suka laƙa mata suna, Zalika Baibai. Ita ma ta fara yarda. Hatta lissafin da ba ta tsoro, sai ta rubuta amsa ta goge, ta rubuta kishiyarta, don ta daina amincewa da abin da kanta ya ba ta.

Aka yi jarabawar gwaji ta bak, wato babbar jarabawar fita lise, Zalika ta faɗi a shimi, jan biron Malam Illa da kansa ya zana mata. Aka tafi hutu. Aka dawo, mazauninta na jikin taga ba kowa. Goggonta ta ce ta koma Bambeye, ta ce ba ta dawowa. Ga bak ta gaske saura 'yan makonni.

Ranar da ba darasi, ya ɗaura jakarsa a ƙirji, ya cusa sababbin hotunan da ya sake gyarawa, ya kama hanyar Bambeye tun da sanyin safiya. Shi kansa bai san abin da zai ce mata ba. Ya dai san ba zai iya zama a Tawa yana kallon wannan kujera ba.

Lokacin bazara ne, ƙasa ta bushe ƙayau. Aka nuna masa gonar mahaifinta Ciɗo, can kan wani faƙo mai tauri wanda garma ba ta shiga. Irin wannan wuri mutanen Adar, yankin nan na Tawa, tassa suke yi masa: a haƙa 'yan ramuka a jere, a zuba taki a kowane, in ruwa ya sauka ya kwanta a ciki, a shuka hatsi. Ciɗo na haƙa, Zalika na bin bayansa da kwando tana zuba taki. Da ta hango malaminta sai ta sunkuyar da kai, ta durƙusa ta gaishe shi daga nesa, ta ci gaba da aikinta.

Suka gaisa da Ciɗo, aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi hanya.

"Na zaka ne kan maganar ɗiyarka," in ji Malam Illa.

Ciɗo ya dogara da ƙotar gatarinsa. "Ni ban hana ta ba, Mushe. Ni da na sai da akuya don takardunta? Ita ta zaka ta ce kanta ya ƙiya. Na ce to, in kai ya ƙiya, hannu shina nan."

"Kanta bai ƙiya ba."

"To mi ya ƙiya?"

Don kada Malam Illa ya tsaya haka nan kamar wanda aka dasa, sai ya zaro takarda ɗaya daga jaka. Ciɗo ya goge hannunsa a riga, ya karɓa. Bai yi boko ba, amma ya ƙura mata ido da gaske, yadda manomi ke duban gonar maƙwabci.

"Wa ya gina wagga tassa?" ya ce. "Ya matse ramun da yawa, hatsi ba shi samun wurin shan iska. Ta tsakiyar ga kuma ta cika zurhi."

Malam Illa ya yi 'yar dariya. "Ba ramu ba ne, Ciɗo. Ƙwallaye ne."

"Ƙwallaye?"

"Ƙwallaye, awa goruba."

Ya karɓi takardar don ya nuna masa. Rana tana bayan kafaɗarsa ta dama. Ya ɗaga kai kafin ya yi magana, idonsa ya faɗa kan gonar: ramuka birjik har iyakar gani, kowane gefensa na kusa da rana ya yi duhu, gefen can nesa ya sha haske. Ya mai da ido kan takarda. Duhu a ƙasa ta dama, haske a sama ta hagu. Yana kallo ƙwallayensa suka lotsa ciki ɗaya bayan ɗaya. Babbar ta gaba, wadda ya yi ta ƙara wa girma da duhu don ta matso, ita ta zama rami mafi zurfi, ta tafi can ƙasa.

Ya lumshe ido ya buɗe, ramuka. Ya goge tabarau ya mayar, ramuka. Ya miƙa takardar nesa, ya matso da ita har hanci. Hoton da ya yi shekaru yana ginawa da hannunsa ya ƙi komawa yadda ya san shi.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Ina sunka tahi?"

Ciɗo ya karɓa ya juya ta ƙasa a sama, don ya ga abin da ya firgita malamin. Sai shi kuma ya ja da baya. "A'a. Yanzu kam sun taso. Mushe, wagga takarda lahiya take?"

"Ni har yanzu ramu nika gani."

"Ni kuwa goruba. Ɗazu kai ne mai goruba."

Suka tsaya su biyu, dattawa da furfurarsu, a tsakiyar faƙo, suna juya takarda ɗaya, wannan ya ce ta lotsa, wancan ya ce ta kumbura. Ba wanda ya fi wani sani a cikinsu. Ba su lura Zalika ta ajiye kwando ta matso ba, sai da ta yi magana.

"Mushe, kai ma ka gan su?"

"Na gan su, Zalika. Tun yaushe kike ganin ramu?"

"Tun ranar hwarko. Na ji kuna cewa ƙwallaye, na ga kowa ya yarda, na yi shiru. Na ce ni kaɗai ce."

"Don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

"Ba ka tambaye ni abin da nika gani ba, Mushe. Wace ce gaba kake tambaya."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, gaskiya ce kawai, kuma ta soke shi har zuciya. Ta zauna a ƙasa bakin wani rami, ta rufe fuska da gyale, ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Shi ma idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba. Ya tsuguna a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara.

"Ɗiyata, ki ji ni da kyau. Kanki lahiya lau yake. Duk amsar da kika ba ni, daidai take ga mai ganin rami. Idonki ya tashi cikin tassa, ga taga ta bayanki tana ba ki rana ta dama, ni kuwa na aje hitilata ta hagu. Rana da hitila sunka yi gardama, kika bi rana. Ko ni ga shi na bi ta."

Ciɗo bai gane zancen fitila ba, ya dubi sama ko akwai wata da bai gani ba. Amma ya gane kalmar farko. Ya ce, "Kan dai lahiya?" Aka ce lafiya. Ya ce alhamdulillahi, ya koma ya dogara da gatarinsa yana jira a ga ƙarshen abin.

Takarda ta ci amanarsa, sai Malam Illa ya duba abin da ke kusa. Ya tsinci busasshen kashin raƙumi daga kwandon taki, ya karyo ƙayoyin aduwa, ya soka masa huɗu. Kan ɗaya ya sa 'yar aduwa, kan ɗaya kurna, kan ɗaya kashin akuya, kan ta ƙarshe ɓargon kara. Ya yi na biyu, hoton madubin na farko. Malamin lise guda, a tsugune yana soke kashin raƙumi da ƙaya, Allah Ya sa ba mai waya a kusa. Ya ɗora mata ɗaya a kowane tafi. Ta juya su, ta juya, ta yi ƙoƙarin daidaita su, suka ƙi, yadda takalmin hagu ke ƙin ƙafar dama. Ya tambaye ta wace ce gaba, ta nuna daidai. Ya juya ya sake tambaya, ta sake nuna daidai.

Ta ɗaga ɗaya sama kaɗan, inuwarsa ta faɗi a kan faƙo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga ba ni iya ganin shi rami, don ga inuwa tai nan ƙasa. Rami ba shi jefa inuwa waje. Tashi ciki take zama."

To, ga shi nan. Inuwar ƙasa, wadda ya kora tun zamanin ruwa mai ƙwaya huɗu, ashe ita ce shaidar da ke raba ƙwallo da rami. In ya dawo da ita, yara su ƙirga ta. In ya bar ta a kore, 'ya'yan masu tassa su ga ramuka. Gaba kura, baya siyaki. Ya hau babur ya kamo hanyar Tawa yana magana shi kaɗai, har ya wuce ƙofar gidansa, sai da wani maƙwabci ya ƙwala masa kira. Zalika kuwa ba ta ce za ta dawo ba, ba ta ce ba za ta dawo ba.

Mafitar da ya samu ba wata babba ba ce, kuma shi da kansa yana cewa rabin mafita ce. Da la'asar yana zaune a tsakar gida, ya ga inuwar ƙwaryar Raƙiya a kan tabarma, ya lura saƙar tabarmar na fitowa ta cikin inuwar, ba mai ɗaukarta wani abu ne na daban. Sai ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin kowane molekil a cikin kwamfuta, ya dawo da inuwa ta faɗi a kanta. Ya zana 'yar rana a kusurwar hagu ta takarda. Ya je ya zauna a shagon Jannatu suna rage baƙin injin, su buga su yaga, har saƙar ta fito. A aji kuma ya rufe tagogin dama ya buɗe na hagu, don ranar Allah da fitilar kwamfutarsa su daina gardama. Asalin abin da kuke gani yana yi kowace safiya ke nan.

Farkon mako, an fara darasi, sai ga Zalika a bakin ƙofa, ƙurar motar Bambeye a ƙafarta. Malam Illa ya nuna mata kujera a layin hagu. Sannan ya ɗaga tsohon hoton, wanda ba tabarma, ya ce wa aji, "Ni Mushenku, in na dubi wanga, ramu nika gani. Wa ke gani tare da ni?"

Can sai hannu ya tashi a baya, wani yaro ɗan Affala. Sai wani. Sai wata yarinya 'yar gari da ta ce ita tandar masar uwarta take gani. A cikin masu ɗaga hannu har da biyu daga waɗanda suka fi kowa kiran Baibai. Su dai sun iya haddace amsa ne, ita kuwa ta tsaya a kan abin da idonta ya gani. Malam Illa ya dubi hannuwan nan, ya tuna duk yaran shekarun baya da jan bironsa ya bi ta kansu, waɗanda suka koma ƙauye ba wanda ya bi su. Wannan baƙin ciki bai bar shi ba har yau, kuma ba ya son a lallashe shi a kai.

Abin dariyar, da bak ta zo ba a kawo hoton ƙwallo ko ɗaya ba, layuka ne kawai, wani mai kauri, wani a tsittsinke. Abokan shayinsa sun yi gaskiya ta wannan gefe. Amma yarinyar da ta riƙe abin a tafin hannunta ba ta sake ruɗewa ba. Ta ci. Yanzu tana Yamai tana karatun haɗa magunguna.

Illa na Raƙiya, mai fitilar da ba ta shan kananzir. Kai ne ka bi yarinya har bakin rami alhali ba ka da amsa a aljihu. Kai ne ka tsaya gaban aji ka ce ka ruɗe, ba ka ji girmanka ya ragu ba. Malamai masu sani suna da yawa a ƙasar nan, Allah Ya ƙara musu. Wanda ya ruɗe ya ƙi ɗora ruɗewarsa a kan ɗan wani, shi ne ba a cika samu ba.

Ranar da aka yi masa 'yar walimar sallama a makaranta, ya miƙa kwamfutar da zanenta ga Bashir, matashin malamin da zai gaje shi. Bashir ya ce, "Mushe, kafin ka tahi, ina ne daidai a aje hitilar?" Malam Illa ya ce wallahi bai sani ba. Ya ce ya tura ta ko'ina, kowane wuri da yaron da yake ɓatarwa. "Ka dai tambayi yaro mi yake gani kahin ka ciro jan biro."

Zalika ta zo, hutu ya kama. Bayan an watse ta matso ta durƙusa ta gaishe shi, ta ciro wayarta, ta nuna masa hoton wani magani da suke karantawa, irin na manyan littattafai, mai sheƙi, ba tabarma, ba 'yar rana a kusurwa.

"Mushe, mi kake gani?"

Ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallo, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Tun ranar gonar Ciɗo idonsa bai koma daidai ba, duk hoton da ya kalla tassa yake fara zame masa.

"Ramu," ya ce. "Ke hwa?"

"Ƙwallaye, Mushe."

"To madalla. Ki riƙe ƙwallayen, ni a bar mini ramun."

Mun gode, Malam Illa. Allah Ya sa hutun ya zama na lafiya, Ya ba Raƙiya haƙurin zama da mutumin da zai koma yana matsa mata ƙore a tsakar gida yana duban inuwa. Ku kuma da ke riƙe da alli yau, daga Tawa har Affala, in yaro ya dage a kan amsar da kuka ce ba daidai ba, ku bar gaban allo, ku je ku zauna a kujerarsa, ku ga ta ina rana ke shigo masa.